Ranar da Ja Ta Haɗiye Fara

A zamanin da ƙasar Masar take gida biyu, Kudu da sarkinta, Arewa da nata, suna shan kogi ɗaya amma ba sa ga maciji da juna, akwai wata al'ada da duk baƙon da ya ji sai ya riƙe baki. Mutanen nan ba su ɗauki kambin sarauta a matsayin abin sawa a ka ba. A wurinsu mace ce mai rai, tana barci, tana farkawa, tana kuma fushi. Kambin Kudu fari ne, dogo kamar zunguru, da ɗan tuntu a ƙoli, suna ce mata Fara. Na Arewa ja ne, buɗaɗɗe ta sama kamar turmi, gabansa gajere, bayansa kuwa ya miƙe tsaye ya kai zira'i guda, suna ce mata Ja. Shi sarki, komai tsawon gemunsa, ɗan dako ne kawai. Mutane kambin suke bi, shi kuma ya ci albarkacin abin da ke kansa.

Henutu ita ce mai tashin Ja. Shekara talatin ke nan kullum da ketowar alfijir ita ke buɗe akwatin, ta rera waƙar tashi, ta zagaya bayan sarki ta ɗora masa. A duk faɗin ƙasar babu mahalukin da aka yarda ya tsaya a bayan sarki cikin fada sai mai wannan aiki. Kowa ta gaba yake zuwa, da baya da baya yake fita. Saboda haka Henutu ta san ƙeyar sarakuna uku fiye da yadda iyayensu suka sani, kuma abin da ta gani a wurin bai ƙara mata ganin girman maza ba. Siririyar mace ce mai kaifin harshe, wadda ko gaisuwa ta yi maka sai ka duba jikinka ko ta yanke ka.

To, ranar da za mu ba ku labari, kwana arba'in ke nan Ja tana barci. Sarki Usarbau na Kudu ya gangaro da jirage sun rufe kogi, ya kashe Sarkin Arewa a Mashigin Kada, ya kwashe akwatin Ja har da mai tsaronta. Garuruwa suka yi ta miƙa wuya ɗaya bayan ɗaya. Saura birni guda, Buto, mahaifar Henutu, mai ganuwar tubali a tsakiyar fadama. Ƙanenta Sebeni ne ke riƙe da shi da masu mashi dubu huɗu. Usarbau ya kafa sansani a gaban ƙofar da mutum dubu goma sha biyu, ya tura manzo a ce su buɗe.

Da hantsi aka tara majalisa a babbar rumfar sarki, aka kawo Henutu da igiya a hannu aka zaunar da ita kusa da akwatin. Ba a jima ba manzon ya dawo. An kifa masa kwandon kifi a ka, an ɗaure da igiya ta ƙarƙashin haɓa, ruwan ƙarni yana bin wuyansa. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ba bakina ba ne, bakin Sebeni ne. Ya ce in kawo maka wannan, wai shi ne kambin da ya dace da kan ɓarawo. Ya ce kuma ƙofar Buto ba ta san sunanka ba."

Henutu ta sunkuyar da kai don kada a ga murmushinta. Aikin Sebeni ne sak. Tun yana yaro bakinsa ke jawo masa duka, bai daina ba.

Sarkin Yaƙi Mentuka ya miƙe. Ƙato ne mai tabo daga kunne zuwa haɓa, da gashin jimina guda tsaye a ka, alamar muƙaminsa. Idan yana magana sai ka ce da mutanen ƙetaren kogi yake.

"Ranka ya daɗe, Bijimin Kudu, ɗan Shaho, mai gulmar da ba ta duka biyu! Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ciyawar iwa ta fadamar nan ta bushe ƙayau, rufin gidajensu duk ciyawa ne. Ka ba ni izini gobe da safe, kafin rana ta take tsaka zan kawo maka kan yaron nan a cikin kwandon da ya aiko. Ba zan bar wa Buto ko kazar da za ta yi kuka ba."

Waziri Ifuwe ya yi gyaran murya. Ɗan ƙaramin mutum ne mai tattausar murya, wanda bai taɓa riƙe mashi ba, amma mutanen da harshensa ya kashe sun fi na Mentuka yawa. Tsakaninsa da Sarkin Yaƙi kuwa ƙiyayya ce ta shekara ashirin, har an manta mafarinta.

"Ranka ya daɗe, hasken ƙasa biyu. Sarkin Yaƙi ya yi magana irin ta masu ƙarfi, ƙarfin kuwa duk a damtse ya tsaya, bai hau sama ba. Toka ba ta noma, gawa ba ta yi wa sarki fadanci. Rumbunan Buto su za su ciyar da rundunar nan har ambaliya ta sauka. In an ƙone su, gashin jimina za mu dafa?"

Mentuka ya dafa gulmarsa. "Maimaita, ɗan magatakarda."

"Ai ka ji, kunnenka ɗaya ne aka yanka." Waziri ya juya ga sarki. "Mutanen Buto ba mutum suke bi ba, Ja suke bi. Ga ta nan a akwati, ga mai tashinta. A tambayi tsohuwar nan mene ne baitin ƙarshe na waƙarta."

Sarki Usarbau bai ce komai ba tun da aka fara. Yana zaune a karaga da Fara a kansa, mutum ne da bai wuce shekara talatin da biyar ba, marar yawan magana, irin wanda in ya yi shiru fadawa ke fara tuna laifuffukansu. Ya ɗaga yatsa ɗaya wajen Henutu.

Ta ce, "Baitin ba na kunnen karnuka ba ne."

Wani dogari ya ɗaga hannu zai mare ta, sarki ya girgiza kai. Waziri ya yi murmushi.

"To bari kare ya faɗa miki, uwar ɗakin tsafi, don yaran Buto ma sun haddace shi. 'Kan da kika hau, shi muke bi.' Ko ba haka ba ne? Ranka ya daɗe, gobe a kai ka gaban ganuwa, ta tashi Ja a kanka suna ji suna gani. Da hannunsu za su zare maka sakata."

Sai a lokacin sarki ya buɗe baki, a hankali kamar mai zancen shuka. "Henutu, zaɓi biyu ne. Ko ki rera, in shiga birninku da ƙafata, ko ki ƙi, Mentuka ya shiga da wuta. Ni duk ɗaya ne a wurina. Ke ce kike da ƙane a ciki."

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ta tsani mutumin nan tsanar da ba ta taɓa yi wa wani abu mai rai ba. In ta rera, ta miƙa wa wanda ya kashe ubangidanta garinsu da bakinta. In ta ƙi, gobe warhaka Buto ta zama toka. Tana cikin wannan sai Mentuka ya sake miƙewa, a wannan karon bai yi kirari ba.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da mai wayon nan ya manta. Kanka ɗaya ne. Kafin Ja ta hau, sai Fara ta sauka. Mutanen da ke waje sun baro gonakinsu, sun binne 'yan'uwansu a hanya, ba don Waziri ba, ba don ni ba, kai ma ka gafarce ni, ba don kai ba. Fara suka biyo. Ranar da ka sauke ta a gaban idonsu don ka ɗauki tsafin masu kamun kifi, ranar ka sauke su. Taura biyu ba sa taunuwa."

Waziri ya sunkuyar da kai, domin gaskiya ce, ko da daga bakin maƙiyi ta fito. Sarki ya dubi Waziri, irin kallon da ke sa mutum ya ji wuyansa na ƙaiƙayi.

Ita kuwa Henutu ba su take kallo ba, Fara take kallo. Ta auna gindinta da ido, ta tuna faɗin bakin Ja wanda hannunta ya sani ko a duhu. Sai wani abu ya faɗo mata a rai. Fara za ta shige cikin Ja daidai. Wanda ke gaba zai ga Fara ta miƙe sama tana ƙyalli, domin gaban Ja gajere ne. Amma wanda ke baya fa? Dogon bayan nan na Ja zai rufe ta ruf, sai ɗan tuntun kawai ya leƙo. Duk majalisar nan babu wanda ya taɓa ganin sarki ta baya. Runduna kuwa a fagen fama a bayan sarki take tsayawa.

Ta ce, "In kun gama haushin, ina da magana."

Sarki ya ce, "Faɗi."

"Zan rera, ba don kai ba, don 'ya'yan Buto. Kuma ba sai Fara ta sauka ba. Ku mutanen Kudu ƙarfi gare ku, ido ne babu. Ja buɗaɗɗiya ce ta sama. A zaunar da Fara a cikinta, kai ɗaya ya ɗauki biyu."

Waziri ya yi zumbur kamar an tsikare shi. "A gwada, ranka ya daɗe! A gwada yanzu!"

Mentuka ya ce sai dai a laluba ta tukuna, kada ta je bayan sarki da wuƙa. Aka laluba, aka kwance igiyar. Ta buɗe akwatin, ta ɗauko Ja da hannu biyu, ta roƙe ta gafara a zuci. Ta zagaya bayan karaga, ta ɗaga Fara daga kan sarki, ta zura ta a cikin Ja, ta zauna daram kamar don ita aka yi wurin. Sannan ta ɗora su duka a kansa, ta ja da baya taku ɗaya.

Fadawa suka ɗauki kirari. Waziri har da faɗuwa ƙasa.

"Dubi! Ja ta zama karaga, Fara ta hau ta zauna! Arewa ta zama matakin Kudu! Sarkin Yaƙi, ko yanzu ma da sauran magana? Ga taura biyu an tauna, haƙori bai karye ba."

Mentuka ya duba, ya sake dubawa, ya nemi abin kushewa ya rasa. Ya tofar da yawu a gefe. "Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Matar da ta kira mu karnuka ɗazu, ita ce yanzu take yi mana gyaran hula?"

Henutu tana tsaye a bayan karaga, ita kaɗai take ganin abin da take gani. Jan bango tsaye, da ɗan farin tuntu a samansa kamar loma ta ƙarshe a bakin maciji. Ta ƙulla shawararta kashi biyu. Na farko, rundunar Kudu ta ga wannan da idonta. Na biyu, za ta rera waƙar har zuwa baitin ƙarshe ta yi shiru. In ba a faɗi baitin ba Ja ba ta farka ba, kan da ke ƙarƙashinta kan ɓarawo ne kawai, kibiya na iya shigarsa. Kowa a Buto ya san haka. Sebeni kuwa, wanda bai taɓa ɗaukar zancen ɗakin tsafi da nauyi ba, ba sai an yi masa bayani sau biyu ba.

Da aka tashi daga majalisa, wata ungulu da ta kwana uku a kan turken rumfar ta buɗe fiffike ta yi kudu. Ungulu kuwa a wurin mutanen Kudu tsuntsuwar Fara ce, abin girmamawa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Waziri ya ce albishir ta tafi kaiwa gida. Mentuka ya ce gida ta koma don ta ga abin da ba ta so. Sojoji suka ji fassarar biyu, kowa ya ɗauki wadda ta yi masa.

A bakin rumfa Mentuka ya tare Henutu, ya sunkuyo har tana jin warin giya a bakinsa.

"Tsohuwar mayya, na san akwai abin da kika ƙulla. In na gano shi, da harshenki zan yi wa takalmina maɗauri."

Ta ce, "Ai ba ka da wahala, Sarkin Yaƙi. Gobe ka tsaya a tsakiyar mutanenka, ka buɗe ido da kyau. Kada ka ce ban gaya maka ba."

Gari na wayewa aka buga ganguna. Rundunar Kudu ta jeru sahu sahu daga bakin kogi har gindin fadama, garkuwoyin fatar shanu sun haɗe, masu tukwanen wuta suna gefe suna jiran ko waƙa ta ƙi ci. Mentuka na tsakiyarsu. Ƙarti takwas suka ɗauki karagar sarki suka wuce gaba da ita har inda kibiya za ta iya kaiwa daga ganuwa, suka ajiye. Dogarai ɗari uku suka tsaya dama da hagu, Waziri na rakuɓe a cikinsu. A kan ganuwa kuwa babu masaka tsinke, maza da mata har da tsofaffi. Henutu ta hango Sebeni a saman ƙofa, baka a hannu.

Ta ɗauki kambin biyu a haɗe, ta ɗaga sama, ta buɗe murya. Ko ita ba ta san ta yi kewar waƙar haka ba.

"Buɗe ido, jar fadama, rana ta taka ruwa."

Daga kan ganuwa amshi ya taso kamar yadda ake yi ranar biki, da farko ƙasa ƙasa.

"Ta taka ruwa."

"Fasa kai, 'yar kogi, masunta sun kwance jirgi."

"Sun kwance jirgi."

Baiti bayan baiti amshin yana ƙara ƙarfi. Kwana arba'in mutanen nan ba su ji wannan murya ba, wasu sun ɗauka an kashe ta. Da ta kai baiti na shida ta zagaya bayan sarki ta ɗora masa kambin, ƙartin nan takwas suka ɗaga karaga sama bisa kafaɗunsu don kowa ya gani. Saura baiti ɗaya, wanda ita kaɗai ke faɗa, babu amshi. Henutu ta rufe bakinta gam.

Daga bayan sarki, inda runduna take, aka fara jin gunaguni, kamar ƙudan zuma a kogon itace. Mutum dubu goma sha biyu suka ɗaga kai suna neman Fara da suka biyo tun daga duwatsun Kudu, suka ga jan abu tsaye a kan sarkinsu, da ɗan farin tuntu na leƙowa. Wani ya yi ihu, "Ina Fara?" Wani ya amsa, "Ga ta can ana haɗiye ta!" Sai muryar Mentuka ta danne ta kowa.

"Mazan Kudu! Kun gani da idonku! Ja ta haɗiye Fara! Waziri ya sayar da uwarmu ga masu kamun kifi, sarki ya ba da kansa aka yanka ta a kai! Wa za ku mutu dominsa a fadamar nan? Wanda ya sha nonon Kudu ya biyo ni!"

Ya fizge gashin jiminar da ke kansa ya taka. Sahun farko ya juya, na biyu ya bi. Masu tukwanen wuta suka kifar da su a laka. Waziri ya ruga yana ɗaga hannu yana cewa su zagayo ta gaba su gani, su zagayo ta gaba kawai, amma wa zai saurari ɗan ƙaramin mutum a cikin wannan rububi? Wani ya hankaɗe shi ya faɗa cikin taɓo har wuya. Kafin a jima jiragen farko sun ɗaga filafilai sun fuskanci kudu.

Sarki Usarbau bai waiwaya ba. Ya ji komai, ya kuma gane komai, jijiyar wuyansa ta miƙe kamar igiya. Dogaransa ɗari uku suna kallon juna, ƙafafunsu na neman hanya.

Ya ce, ba tare da ya dubi ƙasa ba, "Ƙarasa waƙar."

Henutu ta ce, "Muryata ta mutu a Mashigin Kada tare da ubangidana. Ka ƙarasa da kanka, ɓarawo."

Ta ɗaga kai ta ga Sebeni ya ɗana kibiya, ya ja tsarkiya har kunne. Maharba na dama da hagunsa suka yi yadda ya yi. Runduna ta watse, Ja tana barci, ga maƙiyi a sama kamar an ɗora shi don a harba. Daɗi ya kama Henutu irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta durƙushe, hawayen da ta hana kanta kwana arba'in suka ɓalle, ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na girgiza.

A kan ganuwa akwai wata tsohuwa mai suna Nubiti, mai sayar da busasshen kifi, ƙawar mahaifiyar Henutu, wadda ta goya ta tana jaririya. Idonta ya yi rauni, ba ta ga watsewar runduna sosai ba, ba ta kuma san me ake ƙullawa ba. Abin da ta sani shi ne waƙa ta tsaya a rataye, ga yarinyar da ta goya can a ƙasa durƙushe tana kuka a tsakiyar maƙiya. Tausayi ya kama ta. Ta dafa tubali, ta buɗe bakinta marar haƙori, siririyar murya mai rawa ta fito.

"Kan da kika hau..."

Matan da ke kusa da ita, waɗanda tun ɗazu baitin ke maƙale a maƙogwaronsu, suka karɓe.

"...shi muke bi."

Henutu ta zabura ta miƙe. "A'a! Ku yi shiru! Sebeni, harba! Harba mana!"

Ina! Muryarta ta nutse. Baitin ya bi ganuwa daga kusurwa zuwa kusurwa, mata suka ba maza, maza suka ba tsofaffi, har birnin gaba ɗaya ya faɗe shi da murya ɗaya, suna kuka. An ƙarasa waƙa, Ja ta farka, kuma a kan Usarbau ta farka. Maharban suka fara sauke bakunansu ɗaya bayan ɗaya, domin babu ɗan Buto da zai ɗaga makami ga kan da Ja ke zaune a farke. Na Sebeni ne ya rage. Henutu ta zuba masa ido tana kiran sunansa, tana zaginsa, tana roƙonsa da nonon da suka sha. Ya daɗe a haka da tsarkiya a kunne. Sannan bakan ya yi ƙasa a hankali. Ashe rainin da yake yi wa ɗakin tsafi a baki kawai ya tsaya.

Aka ji ƙarar sakata. Ƙofar Buto ta buɗe, masu mashi dubu huɗu suka fito, waɗanda da sun ga dama da sun tattake dogarai ɗari uku kafin a ƙifta ido. Suka zo gaban karaga suka zube, goshi a ƙasa. Sebeni ne a gaba, bai yarda ya haɗa ido da yayarsa ba.

Sarki ya dube su. Mutumin da ɗazu bai da kowa sai dogarai ɗari uku da ƙarti takwas, yanzu ga runduna a gabansa. Ya ce a sauke shi.

"Kai ne mai aiken kwando?"

Sebeni ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Kaina na hannunka."

"Riƙe kanka, ina da aiki da shi. Daga yau kai ne Sarkin Yaƙi. Ga wasu 'yan tawaye can suna rububin shiga jirgi, sun juya mana baya, ba sahu ba shugaba. Ina son Mentuka kafin rana ta faɗi, a raye."

Sebeni ya miƙe ya yi kururuwa, mazan Buto suka zuba a guje wajen kogi, suna kirarin sarkin da ya kashe sarkinsu. Usarbau ya wuce ta gaban Henutu zai shiga birni. Bai sa a kama ta ba, bai ko ɗaga murya ba.

"Ki kula da muryar nan, uwar ɗakin tsafi. Kullum da safe ina bukatarta."

Ya wuce, jama'a suka rufa masa baya suna guɗa. Henutu ta tsaya ita kaɗai a fili, ko kukan ma ya ƙi zuwa. Sai ta ji an dafa ta. Tsohuwa Nubiti ce ta dogaro sanda tun daga ƙofa, tana haki, fuskarta cike da murna. Ta kama gefen zanenta tana goge wa Henutu fuska kamar yadda take yi mata tana ƙarama.

"Share hawayenki, 'yar nan, ba abin kunya ba ne. Mun ga kuka ya shaƙe ki, shi ya sa muka ƙarasa miki."